Bazara a Gumel: lambun tsakar gida da hadarin da ba ya cika alkawari

Duk ɗalibin da ya taɓa zana taswirar Najeriya ya san inda Jihar Jigawa take, amma ba kowa ne ya tsaya ya tambayi ma'anar sunan ba. A bakin manomi, jigawa ita ce tudu mai rairayi, ƙasar da ruwa ba ya kwana a kanta. Mai son ganin dalilin sunan da idonsa, sai ya hau mota daga Kano ya bi ta Gezawa da Gujungu, ya yi tafiyar kilomita kusan 120 zuwa Gumel. Tun kafin ya isa zai ga ƙasa ta yi fari, itatuwa sun yi nesa da juna, sararin sama ya buɗe ta kowane ɓangare.

Gumel, wadda mutanenta ke kira Lautai, tana cikin masarautu biyar na jihar da aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙananan hukumomi huɗu ne a ƙarƙashinta: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa sarautar wajen 1750, ta daɗe tana biyayya ga Borno, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. A 1845 aka taso da fada daga Tumbi, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo inda take a yau. Shi ya sa har gobe dangi da fatauci da auratayya ba su san da iyaka ba.

Nan aiki ya kawo mahaifinmu a ƙarshen hunturu, muka taso daga wani gidan haya a Kano wanda tsakar gidansa siminti ce, ko ciyawa ba ta samun wurin fitowa. Ni ina makaranta aka yi ƙaurar, sai da muka sami hutu a jami'a na zo na tarar da sabon gida. Ɗakuna uku ne da rumfa, da darbejiya a ƙofar gida, da fili a tsakar gida wanda ƙannena suka mayar filin ƙwallo tun ranar farko. Ƙwallon bai yi sati ba Umma ta yanke rabin filin ta ce na lambu ne. Dalilinta a fili yake: mu takwas ne a gidan, kullum sai an yi cefane, kuma kuɗin kayan miya sun fi komai cin aljihu a lokacin bazara.

Rayuwar gidan zafi ne ke tsara ta. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40, saboda haka duk aikin ƙarfi ana yin sa ne tsakanin asuba da hantsi. Da gari ya waye ƙanina zai tsaya ƙofar gida ya tari mai kurar ruwa, a cika randa da bokitai. Kafin azahar titi ya yi tsit, awaki sun lafe a jikin katanga, masu shaguna sun koma gindin itace. Sai la'asar sakaliya gari yake farkawa. Da dare kuwa ɗaki ba ya kwantuwa, kowa tabarmarsa yake ja zuwa tsakar gida. A makonnin farko kusan kullum sai maƙwabta sun aiko da ƙwaryar fura ko kwanon tuwon gero, ana yi wa Umma ya baƙunta.

Malamin lambunmu wani dattijo ne da muke katanga ɗaya da shi, wanda ya yi shekaru yana noman gero da wake. Ranar da ya leƙo ya ga ina kafta ƙasa, sai ya ɗebi rairayi ya saki, ya zube ta tsakanin yatsunsa.

“Ɗana, ƙasar nan ba ta riƙe amana. Ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta mika shi ƙasa.”

“To Baba, yaya ake yi da ita?”

“Ciyar da ita ake yi tukuna, sannan a nemi ta ciyar da kai.”

Abin da ya nuna mana ke nan. Aka haƙa ramuka zurfin kamu guda, aka cakuɗa rairayin da busasshen kashin awaki da tokar murhu, aka bar shi kwanaki yana shan ruwa kafin a sa iri, domin ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Aka kewaye wurin da dangar kara saboda kaji da iska. A tsakiyar kowane kwali ya sa muka binne tulu har wuya, muka cika shi da ruwa muka rufe bakinsa. Tulun da ba a yi wa fenti ba yana tsattsafo da ruwa a hankali ta jikinsa, saiwa ta zo ta sha, rana ba ta samu ta kwashe ba. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da gero duk lambu suke tafiya yanzu, na sabulu kaɗai ake zubarwa a kwata. Muka shuka alayyafo da rama da yakuwa da kuɓewa, muka kafa rassan zogale huɗu a jikin katanga.

A cikin watan Mayu aka fara wasan ɓuya da sama. Iska ta juya, daren ya yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa. Shamuwa ta iso ta fara gyaran sheƙa, yara suna murna, don kowa ya san ita ce manzon damina. Da yamma sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ana cida ana walƙiya. Mata su kwashe shanya, a kife turmi, a jera bokitai a bakin indararo. Sai iska ta taso da jar ƙura, ta rufe gari har ba ka ganin gidan da ke kallonka, ta yi abin da za ta yi ta wuce, ko ɗigo bai sauka ba. Sau uku aka yi haka a mako biyu. A na ukun iskar ta kwantar da dangarmu cikin dare, kafin gari ya waye awaki sun shigo sun share alayyafon da ya fara ganye. Umma ba ta ce komai ba. Ta aika aka sayo igiya da turaku, aka sake ɗaure dangar, ta sake watsa iri.

Wannan yaudara tana da bayani a darasin labarin ƙasa. Iska biyu ce ke gaba da juna a saman Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce daga Sahara, ta arewa maso gabas, ita ce ke kawo hunturu. Ɗayar mai laima ce daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu yana matsowa arewa a hankali daga farkon shekara, ya sa Legas ta sami ruwa tun Maris, Kaduna ta biyo baya, arewacin Jigawa ya zama cikin na ƙarshe. A watan Mayu laimar da ta iso nan ba ta yi kauri ba, saboda haka gajimare yana haɗuwa, amma sau da yawa ruwan yana bushewa a sama kafin ya taɓa ƙasa, iskar da ke gabansa ce kawai take isowa. Damina ta sosai a nan daga Yuni take zuwa Satumba, kuma ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba.

Mu da lambu asararmu ta alayyafo ce. Ga manomi kuwa maganar abincin shekara ce. Na raka Baba gonar ɗan'uwansa a wajen Sule Tankarkar, yamma da Gumel, bayan wani ruwa da aka yi mai ɗan ƙarfi a ƙarshen Mayu. Gona bayan gona, namiji yana gaba da sungumi yana sara, yara suna biye suna jefa gero suna rufewa da diddige. Wasu ma tun kafin ruwan sun yi binne, wato sun sa iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari. Dabarar tana da riba: wanda ya riga shuka yana riga cin sabon gero, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada. Tana kuma da haɗari. Bayan wannan ruwan sai sama ta ɗauke fiye da mako biyu. Geron ya tsiro, ya yi kore, sannan ya murɗe ya bushe, zazzafan rairayin da iska ke kaɗawa ya binne sauran. Mutumin da muka je wajensa sai da ya sayar da akuya ya sayi wani irin.

Manoma suna da ma'auninsu: bayan ruwa sai su tona ƙasa da hannu, in laima ta yi zurfi su yi shuka, in sama-sama ce su dakata. Masana aikin gona a yankin Sahel ma suna da nasu, wanda bai yi nisa da wannan ba: a sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada fari mai tsawo ya biyo baya. Matsalar ita ce sharaɗi na biyu ba a ganinsa sai ya wuce. Don haka hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo su fassara shi da Hausa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 suna sauraron rediyon, suna kuma kallon gabas.

Wata Alhamis muka je Maigatari, arewa da Gumel, a bakin iyaka da jihar Damagaram ta Nijar. Ranar ce kasuwa take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa: raƙuma da shanu da tumaki da awaki, ana loda su a manyan motoci zuwa Kudu. A 2023 da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, kasuwar ta ji jiki, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne buhunan riɗi da na zoɓorodo. Yakuwar da Umma ta shuka don miyar taushe da kwaɗo, ita ce dai ke fitar da jan zoɓon nan, wanda ake busarwa a kai shi har ƙasar Meziko, su ma su yi abin sha da shi. Tsiro ne mai jure ƙarancin ruwa, shi ya sa ya dace da jigawa. Daga nan muka sayo irin kuɓewa da na kankana, da tuluna biyu.

A hanyar Gagarawa, inda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa har ake da Gagarawa Tasha, Baba ya nuna mini gawo a tsakiyar gonaki. Shi ne itacen da ake cewa ya ƙi ruwan Allah, domin da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore. Wannan bauɗaɗɗen hali alheri ne ga manomi: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. A ƙetaren iyaka, wajen Magarya da Matamai, manoma sun mayar da gonakinsu masu itatuwa tun daga shekarun 1980 ta hanya mai sauƙi: in gawo ya tsiro da kansa, ba a sare shi. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada.

Ruwan gaskiya ya sauka a tsakiyar Yuni, da dare, kamar da bakin ƙwarya, ya sake dawowa bayan kwana huɗu. Aka sake shuka, wannan karon ta kama. A gidanmu zogale ya wuce tsayin ƙanwata, rama da yakuwa sun isa tsinka, kuɓewa ta fara fure. Kwana uku a mako Umma ba ta aike kasuwa sai don manja da gishiri da daddawa, kuma kwanon da maƙwabta suka aiko da tuwo yanzu da ganye yake komawa.

Ɗalibai 'yan'uwana, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba, ko a gida ko a makaranta. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ku kafa shi a fili nesa da rufi da itace. Bayan kowane ruwa ku auna zurfinsa da rula, ku rubuta kwanan wata da adadin, ku zubar. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1. In aji guda ya riƙe wannan littafi shekara uku, zai san daminar garinsu sanin da zai amfani iyayensu ranar da ake shawarar shuka. Wanda kuma yake da ko taku biyar na fili, ya nemi kashin awaki da tsohon tulu da reshen zogale, ya tambayi dattijon da ke kusa da shi yadda ƙasar unguwarsu take.