Kafin Ka Hau Duwatsun Alps, Ka San Jininka

Ya kai mai karatu, idan tafiya ta kai ka Chamonix, garin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara da ke gindin Mont Blanc a Faransa, da rani ko da hunturu, za a kwaɗaita maka hawa motar igiya zuwa ƙololuwar Aiguille du Midi. Garin yana bisa mita 1,035, ƙololuwar kuwa mita 3,842, kuma cikin kamar minti 20 ka isa. Jiki bai samu sukunin sabawa ba, ga iskar can ba ta ƙosar da huhu.

Abin da ya fi damuna shi ne sikila, wadda ta yawaita a cikinmu. Inda oksijin ya yi ƙaranci, ƙwayoyin jini kan lanƙwashe su toshe hanyoyinsa. Mai SS na cikin babban haɗari. Mai AS ma, da ke jin kansa garau, saifarsa na iya taɓuwa.

Saboda haka ka yi gwaji, ka tuntuɓi likita kafin tafiya. Ka kama masauki a cikin gari, ka yawaita shan ruwa. In ka ji suka a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, sauko nan take ka nemi asibiti. Dutse yana nan, ba ya gudu.