Ladan Yini Ɗaya

Ina ɗan shekara 14 mahaifina ya aike ni da kuɗin wani ɗan ci-rani da ya yi mana kwana 3 yana kai taki gona da mangalar jaki, a ƙauyenmu na ƙasar Minjibir. Na zare ladan yini ɗaya na soke a aljihu, na miƙa masa sauran. Bai ƙirga ba, har ya sa mini albarka. Ruwan farko na sauka ya koma gida, can ƙasar Damagaram. Ko sunan garinsu ban tambaya ba.

Na girma ina istigfari, ina zaton ya wadatar, sai da na zauna darasin Riyadus Salihin. Imam Nawawi ya kawo sharuɗɗan tuba uku: barin laifin, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan kuwa laifin ya shafi ɗan Adam, akwai na huɗu, wato a mayar masa da haƙƙinsa ko a nemi yafiyarsa.

To, wanda ba a san inda yake ba fa? Malamai sun jera matakai. A neme shi da gaske. In ya rasu, a ba magadansa. In duk an rasa, a yi sadaka da nufin ladan ya je gare shi. Bukhari ya ambaci cewa Ibn Mas'ud ya shekara yana cigiyar wani da ke bin sa kuɗin ciniki, da bai same shi ba ya sadakar a madadinsa. Sai dai sadakar ba ta rufe magana. Ran da mai haƙƙi ya bayyana, zaɓi nasa ne: ya amince da sadakar, ko a biya shi.

Sadakar ba ta yi mini wuya ba. Cigiyar ce ta yi, domin sai da na zauna gaban dattawan unguwarmu na faɗi abin da na aikata. Ɗaya ya tuna zauren da baƙin suke kwana, amma ba wanda ya riƙe sunan garinsu.

Na auna gero daidai ladan yinin ɗan ƙwadago a yau, na ba mabuƙata a madadinsa, na kuma rubuta bashin cikin wasiyyata. Har yanzu, duk rani in na ga dattijo daga Nijar, sai na tsaya na tambaye shi ko ya taɓa ci-rani a Minjibir.