A ƙasar Adar lokacin cin rani: uba na nesa, yaro na girma

In matafiyi ya bar Birnin Ƙonni, ya kai Tsarnawa, ya karya arewa bisa kwaltar Tawa, to ya kama hanyar Adar. Ƙasa ce ta duwatsu da fako. Tsakanin duwatsun akwai fadamu inda ake noman albasa da dawa. Amma bisa tudu ruwan sama kaɗan ne, ba kowace shekara geron gida yake kaiwa damina ba.

Shi ya sa da an ɗaure damma an zuba rumbu, samari da magidanta sai su ɗauki jaka. Wasu Abijan, wasu Kano da Legas, wasu Kotonu, wasu Libiya da Aljeriya. Wanda ya ratsa ƙauyukan Keita, Buza da Illela cikin watan Janairu, mata zai gani a bakin rijiya, tsofaffi a gindin bedi, sai yara. Ko aikin gyaran ƙasa da aka soma a Keita a 1984 da taimakon Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar dutse da dashen itace, don maza ba su nan.

Kuɗi ana aikowa, tufafin salla ana aikowa. Abin da ke da wuya shi ne yaro ƙarami. Yaron da bai daɗe da yaye ba, ba ya riƙe fuskar da ya jima bai gani ba. Magidanci zai yi shekara biyu a Abijan, ranar da ya sauka ya miƙa hannu, ɗansa ya fashe da kuka, ya ɓuya bayan zanen uwa tasa. Maƙwabta su yi dariya, amma uban ba ya dariya.

A da, wasiƙa ake aikowa ta hannun mai dawowa gida. Mushen lokol ko wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta. Amma wasiƙa ta manya ce. A shekarun 1970 da 1980 kaset ya shigo. Ɗan cin rani ya ɗauki muryarsa, ya ba direba. Bayan lisha a shimfiɗa tabarma, a sa batir a rediyo, gida duka ya taru. Uba ya gaida tsofaffi, sannan ya kira yaransa ɗaya ɗaya, kowa da sunansa. Yaro bai iya karatu ba, amma ya san an kira shi.

Bayan shekarar 2000 salula ta bazu, daga baya kuma saƙon murya na WhatsApp. Ran kasuwa, kamar Lahadi a Tawa, mata na kai waya wurin mai caji, su karɓi kuɗin da aka aiko. A wasu ƙauyukan sai an hau tudu kafin a samu rezo. Sai dai sau da yawa maganar ba ta wuce hatsi, bashi da maganin marar lafiya. Kafin a miƙa wa yaro waya, kuɗinta sun ƙare.

Ƴan'uwa masu tafiya, wannan abu yana da magani, kuma ba shi da tsada. A tsai da rana guda, kamar Juma'a bayan masallaci, yaro ya san ranar babansa ce. A fara da shi kafin maganar kuɗi. A tambaye shi akuyarsa da allonsa. Yaro bai san lissafin wata ba: a ce masa za a zo kafin shuka, in an tabbata. Alkawarin da ba za a cika ba, kada a yi shi. Uwa da kaka kuma su riƙa nuna masa hoto, su gaya masa wanda ya aiko da takalmin da ke ƙafarsa. Ranar dawowa, in ya gudu, kada a tsawata masa. A bar shi ya matso da kansa.

A 2011, da yaƙi ya tashi a Libiya, dubban ƴan Nijar sun dawo gida hannu banza. Kuɗin cin rani na iya yankewa dare ɗaya. Wanda ya sauka a tasha ɗansa ya sheƙo ya rungume shi, bai yi asarar tafiya ba.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su cikin iyalinsu lafiya.