Taliya, Zukini Da Farantin Umma

 Na san kun saba ganin alƙalamina a kan labarin wane ya ga wance ya kasa barci, to yau dai madafi zan ja ku mu shiga. Kada wata ta taɓe baki ta buɗe shafi na gaba, domin abin da zan faɗa ya shafi gidaje da yawa, wataƙila har da naku.

In akwai abincin da ya shiga ran mutanen gidanmu, to taliya ce. Ko ta leda, ko 'yar murji wadda ake shanyawa a kan igiya, a zuba mai da yaji, a yanka albasa da tumatir, minti goma sha biyar an gama. Ke ma kin sani, ranar da aka dawo makaranta a gajiye ko baƙi suka yi sallama da magariba, ita ce mai fitar da mace kunya. A gidanmu sai a yi ta sau huɗu a mako da daddare, kuma babu wanda ya kai Ummanmu sonta.

Shekara biyu da suka wuce Umma ta fara rama, ga yawan ƙishirwa, ga tashi fitsari cikin dare. Da aka je asibiti aka auna jininta, likita ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta magani, ya kuma ce ta rage abinci mai sitaci, irin su taliya da farar shinkafa da burodi, musamman a cika faranti da su da dare. Muka dawo gida muka ɗaura niyya. Aka ware mata tukunya, yau acca, gobe wake, jibi kwaɗon zogale. Mu kuwa muna tsakar gida a kan tabarma muna cin taliyarmu, ita tana ɗaki da ɗan kwanonta.

Wata biyu ba a cika ba muka lura kwanon yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Wani dare na shiga ɗauko shi na ce, "Umma, don Allah ki daure ki ƙara ko loma biyu ce."

Ta dube ni ta ce, "Auta, ni ba yunwa ke damuna ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba, sai yanzu da aka mai da ni kamar mai ƙyanda."

Wallahi kasa amsawa na yi. Na fito da kwanon idona cike da hawaye.

Abin bai tsaya nan ba. Ashe tana shan maganin a kan lokaci, abincin ne ba ta ci. Wata safiya muka same ta jikinta yana rawa, gumi yana zuba, magana da ƙyar. Likita ya ce sugan ne ya faɗi ƙasa, domin irin maganin da take sha in babu abinci a ciki haka yake yi, kuma yana iya kai mutum ga suma. Ya ce dole ta riƙa ci a kan lokaci. To ga dai magana, taliya ta yi yawa a guje ta, abincin da aka ware kuma ta ƙi shi. Yaya za a yi?

Ana cikin haka matar Yayanmu ta zo daga Jos dubiya. Ita a can ta tashi, kuma mahaifinta ya daɗe yana aikin kuku a gidan wasu Italiyawa, don haka ta iya girke-girken da mu ko sunansu ba mu sani ba. Cikin tsarabarta akwai wasu abubuwa kore dogaye. Umma ta ɗaga ɗaya ta juya shi ta ce, "Wannan kuma kokwamba ce ko ɗanyen soso?"

Anti ta yi dariya ta ce, "Hajiya, zukini ake ce masa. Yau ni zan yi girkin dare, kuma tukunya ɗaya za a ɗora a gidan nan, kowa shi zai ci."

Bari in tsaya in gaya muku ko mene ne zukini, domin na san da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba. Ɗan uwan kabewa ne na jini, sai dai ana cire shi tun yana ɗanye, fatarsa ba ta yi tauri ba, 'ya'yansa ba su ƙosa ba. Asalin dangin nasa daga nahiyar Amurka ne, can wajen Meziko, bayan 1492 aka kai irin Turai. Manoman arewacin Italiya, wajen birnin Milan, su suka fitar da wannan nau'in a ƙarni na 19. Da harshensu kabewa sunanta zuka, zukini kuwa ƙananan kabewa ke nan. Faransawa suna ce masa kurjet, kuma da wannan sunan 'yan uwanmu na Nijar suka san shi. A nan Nijeriya ana noma shi a Filato saboda sanyin wurin, daga can ake kawo shi manyan garuruwa wajen masu kayan lambu.

Kin ga abin mamaki, mutanen da duniya ta sani da taliya, har sunan ma kamar wa da ƙane, taliya da Italiya, su ne kuma suka iya yin abincin dare ba ita. Suna da wani girki da suke kira farmijana, wanda ya yi suna a kudancin ƙasar, wajen Nafoli da tsibirin Sisili. Ana jera yankakken babban yalo, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa cuku, a sake jerawa, sannan a gasa. Suna yin irinsa da zukini, shi ne Anti ta yi mana.

Me ya sa ya fi taliya sauƙi a jiki? Lissafin a fili yake. Dafaffiyar taliya giram 100 tana da kalori wajen 150 zuwa 160, da sitaci kusan giram 30. Zukini giram 100 kuwa kalori 17 ne kacal, sitaci da suga duka wajen giram 3, domin kusan kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne. Shi sitaci da ya shiga ciki suga yake komawa ya shiga jini. To ki auna farantin da muke cikawa da taliya har ya yi tsororuwa, mu ci mu sha ruwa mu kwanta. Su kansu Italiyawan ɗan madaidaici suke zubawa, sannan su bi da nama ko kifi da ganye.

Ga yadda ake yi, na mutum shida. Ki nemi zukini madaidaita guda 4, kusan kilo 1, masu tauri da sheƙi, waɗanda ba su yi yaushi ba. Sai tumatir 6, tattasai 2, attarugu 1, albasa babba 1, tafarnuwa kaɗan, niƙaƙƙen nama kwatan kilo, ƙwai 2, man gyaɗa cokali 2, masoro, ganyen ɗoɗɗoya, gishiri, da cuku mai narkewa wanda ake kira mozarela, giram 150 zuwa 200.

Da farko ki wanke zukinin, kada ki fere shi. Ki yanka shi a tsaye, fale-fale, kaurin kamar na biskit. Ki barbaɗa gishiri kaɗan ki jera a gwagwa ki bar shi minti 30. Za ki ga ruwa yana tsattsafowa kamar gumi. 'Yar uwa, nan sirrin yake, Anti ta ce duk wadda ta tsallake wannan mataki, fate za ta sauke. Bayan nan ki ɗauraye gishirin, ki tsane kowane yanki da tsumma mai tsabta, ki ɗora a busasshen kasko mai zafi minti biyu kowane gefe har ya ɗan yi ja.

Kafin nan kin jajjaga kayan miyarki. Ki soya albasa da tafarnuwa a ɗan man nan, ki zuba naman ki juya har ya canza launi, ki zuba jajjagen da masoro ki bar shi ya dahu har ruwan ya ƙone. Miyar ta yi kauri sosai, yadda in kin ja cokali a tsakiya za ki ga gindin tukunya. Ki yayyanka ɗoɗɗoya ki zuba a ƙarshe ki sauke. In ta ɗan huce ki fasa ƙwai biyun ki juya a ciki, su ne za su kama girkin ya tsaya.

Sai jeri. Ki shafa mai a kwanon gashi, ki shimfiɗa miya kaɗan, ki jera zukini kamar kina shimfiɗa tabarma, ki zuba miya, ki barbaɗa gurzajjen cuku, ki sake jerawa har hawa uku. Cukun da ya fi yawa ki bar shi na sama. A obin, zafin digiri 180, minti 30 ya isa, har saman ya yi ja yana tafasa ta gefe. In babu obin kada ki damu, mu ma a ranar babu wuta. Yadda muke gasa kek da salla haka aka yi: yashi a gindin babbar tukunya, a bari ya yi zafi, a ɗora kwanon a kai, a rufe da murfin ƙarfe a zuba garwashi a samansa. Zai ɗauki kamar minti 40. In kin sauke ki ba shi minti 15 ya huta kafin ki yanka, in ba haka ba zai wargaje miki.

Da aka idar da sallar isha'i Anti ta shimfiɗa tabarma ta ajiye babban faranti a tsakiya, ta je ƙofar ɗaki ta durƙusa ta ce, "Hajiya, bismilla, ke muke jira." Umma ta fito tana ɗan noƙewa. Ta gutsura ta kai baki, cukun yana zare kamar danƙo, ƙananan jikokinta suna ta dariya suna ja. Ta tauna ta yi shiru, can ta ce, "To, ba taliya ba ce, amma ba laifi. Miƙo min gefen can da ya ƙone." Ranar sai da ta cinye yanka biyu.

Kada in yi muku daɗin baki. Ƙanin babanmu da ya zo ya ɗanɗana cewa ya yi wannan ai abin taɓawa ne, a kawo abinci. Samarin gidan kuma sai an haɗa musu da ɗan dankali ko burodi kafin su ce sun ƙoshi. Sannan cuku yana da tsada, kuma yana da kitse da gishiri. Mozarela giram 100 tana kai kalori wajen 300, kin ga in kika labta shi da yawa, abin da kika gudu a gaba ya biyo ki ta baya. Mai hawan jini kuma sai an kula da gishirin. Kuma wannan abinci ne, ba ya maye gurbin magani ko awon jini, duk mai ciwon suga ta bi abin da likitanta ya ce.

In zukini ya yi wuyar samu, ki sa babban yalo, ai da shi ma aka fi sanin girkin. Kabewa ma tana yi, sai dai ta fi zaƙi, a yanka ta siriri. In mozarela ta fi ƙarfin aljihu, akwai cukun da Fulani suke yi da madara da ruwan tumfafiya. Shi ba ya narkewa, don haka ki marmasa shi ki cakuɗa da ƙwai ki shimfiɗa. Busasshen cukun Nijar kuwa ki daka shi ki barbaɗa a sama, ƙanshinsa sai wanda ya ji. Ranar da babu ko ɗaya, awara ma ta rufa mana asiri. Mu yanzu sau biyu a mako muke yi, sauran ranakun in an dafa taliya sai a rage yawanta a cika tukunyar da kabeji da karas da wake, kowa ya ci daga nan.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ina da magana da ku. Na san akwai masu ƙin cin abinci wai don su zama siraran mata, akwai kuma masu shan ƙwayoyin ƙiba ba da izinin likita ba don a ce sun cika. Duka biyun cutar kai ne. Ke da kike girma kina karatu jikinki yana bukatar abinci sosai, ba a ce ki bar taliya ba, kuma ban kawo wannan girki don ki riƙa kwana da yunwa ba. Na kawo shi ne don ki iya, domin gobe ke ce uwargida, kuma ba ki san wanda Allah zai haɗa ki da jinyarsa ba, ko uwa, ko miji, ko suruka. Lafiya uwar jiki ce, amma mara lafiya ma yana da zuciya. In likita ya sauya wa wani abinci a gidanku, ku duba ko akwai abin da za ku iya ci tare da shi, ko sau ɗaya ne a mako, kada a tura masa kwano ɗaki a ja labule.

Duk wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, musamman masu gashi da yashi, ina son jin ko minti nawa ya ɗauka a murhunku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa iyayenmu nisan kwana, ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, wassalam.