Maƙerin Tafi-da-gidanka Da Aka Kusa Mantawa Da Shi

 

Yau in an ce tafi-da-gidanka, yawancinku wayar hannu za ku fara tunawa. To, amma tun wayar ba ta zo ba Hausawa suka laƙaba wannan suna ga wata irin mota ta Turawa mai ɗaki a ciki, da gado da madafa, wadda mutum ya ke tafiya da ita ya kwana inda dare ya yi masa. Iri biyu ce. Akwai mai injin kanta, akwai kuma marar inji, watau ɗaki ne kawai a bisa ƙafafun mota, sai a maƙala shi a bayan mota ta ja shi. A kan na biyun nan zan yi muku magana, da kuma wani Ba'amurke wanda ya ƙera irinsa mai kyaun gaske, amma duniya ta kusa mantawa da shi. Sunansa Hawley Bowlus.

Na san wata za ta ce, ina ruwanmu da maƙerin Amurka, mu da mu ke fama da cefane da kuɗin makarantar yara? Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, ki karanta har ƙarshe. Labarin na Amurka ne, amma hanyar da a ke bi a tono sunan wanda aka manta, wannan kuwa ta shafi kowane gida.

Ga yadda abin ya faro. Wani ɗan yayata da ke karatu a Amurka ya aiko mini da hoton wani ɗaki mai ƙyalli kamar sabuwar tukunya, ya gan shi a wajen nunin tsofaffin motoci. Ya ce jama'ar da ke wucewa duk Airstream su ke kiransa, gama shi ne sunan da kowa ya sani a can in ana zancen tafi-da-gidanka na alminiyon. Amma a jikin abin wani suna ne dabam, watau Bowlus. Har wa yau na lura ƙofarsa ba a gefe ta ke ba, a goshi ta ke, daidai bisa ƙarfen da a ke maƙalawa ga mota. Abu biyun nan, suna da ƙofa, su suka hana ni sakat. Na ce da 'yata, wadda ta fi ni sanin kan intanet, ta zauna kusa da ni bayan sallar isha'i mu bi sawun mutumin nan. Muka yi makonni muna yi, kullum kaɗan kaɗan, ita tana nemowa, ni ina rubutawa a littafi.

Da farko muka ga ashe sana'ar tsohuwa ce. Tun a shekarar 1885 wani likita a Ingila, Dokta Gordon Stables, ya sa aka yi masa ɗaki na yawon shan iska wanda dawaki ke ja. Da mota ta yawaita sai ta karɓi aikin doki. A Amurka, tsakiyar shekarun 1930, masu ƙera irin ɗakunan nan sun kai ɗaruruwa. Wanda ya fi su girma a lokacin shi ne kamfanin Covered Wagon na Arthur Sherman, wanda ya faro a Detroit. Yawancin ɗakunan zamanin kuwa da katako a ke yinsu, kamar akwati, masu nauyi, kuma iska tana tokare su in mota ta ɗau gudu.

Da muka juya ga Bowlus kansa, sai muka tarar labarinsa ba a cikin tarihin motoci ya ke ba, a cikin tarihin jirgin sama ya ke. An haife shi a 1896. A shekarar 1927 shi ne shugaban ma'aikata a kamfanin Ryan da ke San Diego, cikin jihar Kalifoniya, sa'ad da aka ƙera jirgin nan mai suna Spirit of St. Louis cikin kwana 60 kacal. Da wannan jirgi ne Charles Lindbergh ya tashi daga New York shi kaɗai, bai sauka ko'ina ba sai Faris, bayan sa'a 33 da rabi a sama. Duniya ta ɗauki sunan matuƙin, har yau ana koya wa yara shi a makaranta. Wanda ya tsaya a kan masu aikin har aka gama jirgin kuwa, sai mai tonawa ya ke jin sunansa.

Abin da Bowlus ya fi ƙauna shi ne jirgin sama marar inji, wanda a ke cilla shi daga kan tudu ya riƙa shawagi da iska kamar shirwa. Ya ƙera su da yawa, ya kuma koyar da tuƙinsu. A nan akwai abin da zai faranta muku rai. A 1930 ya koya wa Lindbergh da matarsa Anne, ita kuwa Anne ta zama mace ta farko a Amurka da ta sami lasin mai daraja ta ɗaya na tuƙin irin wannan jirgi.

To, ku lura da yadda wannan ya warware mini zancen ɗakin. Mai ƙera jirgi marar inji ba shi da abokan gāba kamar guda biyu, nauyi da tokarar iska. Da Bowlus ya tashi yin ɗakin tafiya a 1934, a San Fernando ta Kalifoniya, sai ya yi shi kamar gangar jikin jirgi. Ya lulluɓe shi da fallayen alminiyon, irin ƙarfen tukwanenmu marasa nauyi, ya haɗa su da ƙananan ƙusoshi jere jere waɗanda a ke daddale kansu, yadda a ke yi wa jirgin sama. Goshinsa ya yi shi a kewaye, bayansa ya tsuke kamar wutsiyar kifi, don iska ta zame ta wuce. Tsawonsa bai kai ƙafa 20 ba, nauyinsa wajen kilo 500, watau kamar buhun shinkafa goma, saboda haka ko ƙaramar mota ta iya jansa. A ciki akwai 'yar madafa da kujerun da a ke mayarwa gado in dare ya yi. Ya sa masa suna Road Chief, ma'ana sarkin hanya. Ya kuma yi wani ƙarami mai suna Papoose.

Abu mai kyau haka, me ya hana shi ci gaba? Dalili bai ɓuya ba. Aikin hannu ne mai cin lokaci, alminiyon kuwa da tsada. Ga shi zamanin na matsi ne, gama tun 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, mutane miliyoyi ba su da aiki. Mai ɗan abin hannu in ya tashi saye, na katako mai araha zai nufa. Guda wajen 80 kaɗai aka yi cikin 'yan shekarun nan, kamfanin ya tsaya. Bowlus ya koma ga jiragensa, a 1938 ya fito da wani mai suna Baby Albatross, wanda a ke sayar da shi gunduwa gunduwa mutum ya harhaɗa a gida. Ya rasu a 1967.

Saura zancen ƙofa. Cikin masu sayar wa Bowlus da ɗakunansa akwai wani mai suna Wally Byam, wanda dama yana da nasa kamfanin, watau Airstream. A 1936 Byam ya fito da ɗakin alminiyon mai suna Clipper, mai kama da na Bowlus ƙwarai, sai dai ya mai da ƙofar gefe. Kun ga ke nan ƙofar da na gani a goshi ita ce shaidar da ke raba su. Kamfanin Byam ya daɗe, ya bunƙasa, har aka kai ga duk ɗaki mai ƙyalli da sunansa a ke kira.

Wata za ta yi saurin cewa, ai wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A'a, mu yi adalci. Byam ya iya abin da Bowlus bai mai da hankali a kai ba, watau ciniki da tara jama'a. Ya riƙa jagorantar ayarin masu ɗakunan nan zuwa ƙasashe, har daga 1959 zuwa 1960 ya ratsa Afirka da ɗakuna 41, daga Cape Town zuwa Alƙahira. Kowa da baiwar da Allah ya ba shi. Abin da na ke so kawai shi ne in an faɗi wanda ya yayata abu, a faɗi wanda ya fara shi.

Yanzu bari in gaya muku abin da na koya game da neman tarihi, musamman ku 'yan makaranta, domin wata rana malama za ta ba ku irin wannan aiki.

Na ɗaya, ku fara da abin da kansa. Suna, lamba, wurin da aka sa ƙofa, irin ƙusar da aka yi aiki da ita, duk magana su ke yi. Gani ya kori ji.

Na biyu, in ba ku sami mutum a inda kuka zata ba, ku neme shi a maƙwabta. Da mun tsaya ga littattafan motoci kaɗai, da abin da za mu samu bai cika tafin hannu ba. Masu tarihin jirgin sama su suka riƙe labarin Bowlus, har jiragensa na ajiye a gidan kayan tarihi na Smithsonian, wanda shi ne kuma ya ke riƙe da jirgin Lindbergh.

Na uku, ku fifita takardar da aka rubuta a zamanin a kan wadda aka rubuta daga baya. Tsofaffin mujallu irin su Popular Mechanics da Popular Science an ɗauki hotonsu shafi shafi an sa a intanet, mutum ya iya ganin tallar 'yan kasuwa da hotunan kayansu yadda su ke a lokacin. Talla ba ta rasa ƙarin gishiri, amma shekarar da ke bangon mujalla ba ta ƙarya.

Na huɗu, duk labarin da kuka karanta, ku tambayi kanku wa ya rubuta shi, me kuma zai ci da shi. Mai sayar da kaya ya kan kambama nasa, masoyin wani kamfani ya kan fara labari daga gwaninsa. In shafi goma sun faɗi magana iri ɗaya kalma da kalma, ba shaidu goma ba ne, shaida ɗaya ce aka kwafa sau tara. Ni dai ban shigar da magana a littafina ba sai na same ta a wuri biyu da ba su jiɓinci juna ba.

Na biyar, ku rubuta inda kuka sami kowane abu tun a lokacin. Ƙwaƙwalwa ba ma'aji ba ce.

Abin da ya ceci sunan Bowlus kuwa shi ne mutanen da ba su yar da tsohon kaya ba. Waɗansu ɗakunan sun yi shekaru da yawa a bayan gidaje da rumbuna, masu sha'awa suka nemo su, suka gyara, suka riƙa tara hotuna da tsofaffin takardu. A 2011 an yi gwanjon guda ɗaya na 1935 a jihar Arizona a kan dala 187,000. A 2013 kuma aka fito da sabon ɗaki da sunan Bowlus, ƙarƙashin wani sabon kamfani wanda mace ce, Geneva Long, ta ja ragamarsa.

To, uwargida, ga inda zancen ya zo ƙofarki. In mutumin da ya tsaya a kan ginin jirgin da duniya duka ta sani ya kusa ɓacewa cikin shekaru kaɗan, ina ga kafintan da ya yi gadon kakarki, ko masaƙin da ya saƙa zanen aurenta, ko maginin da ya ɗora soron gidanku? Su ba su da mujalla, ba su da gidan kayan tarihi. Bakin tsofaffinmu ne kaɗai littafinsu, kullum kuwa ana rufe shafi. Mu mata mu ne masu ajiya a gida. A ƙarƙashin gadonmu da cikin adakarmu a ke samun tsohon rasit, da hoton biki, da wasiƙar da aka aiko daga Makka ko daga barikin soja. Ranar shara ko ranar ƙaura, su ne a ke fara kai wa wuta.

Saboda haka ina roƙonku abu ɗaya cikin makon nan. Kowace ta ɗauki tsohon abu guda a ɗakinta, ko keken ɗinki, ko akwati, ko tasa, ta juya shi ta duba ko akwai suna ko lamba. Sa'an nan ta tafi wurin wadda ta fi kowa shekaru a gidan, ta gaishe ta, ta ce, “Inna, wa ya yi wannan, a wane gari, a zamanin wane sarki?” Yarinya 'yar makaranta ta riƙe alƙalami ta rubuta amsar, da ranar da aka faɗa, da sunan wadda ta faɗa. A ninke takardar a ajiye tare da kayan. Hoto kuma a rubuta sunayen mutanen ciki a bayansa tun da sauran mai gane su.

Wadda ta tono wani abin sha'awa, ta rubuto mana a wannan fili domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.