Ƙofar Bincike A Gidan Wasa

Masu manyan wuraren shaƙatawa na zamani haja ɗaya suke sayarwa, watau mantuwa. Mutum ya biya kuɗinsa ya shiga, ya manta da bashin da ake bin sa da mugun labarin da ya ji a rediyo da safe, ya koma yaro na yini guda. Amma a wurin da ya fi shahara cikinsu duka, Walt Disney World, wanda ke kusa da birnin Olando a Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, abin da baƙo zai fara tararwa shi ne ainihin abin da zai tuna masa cewa duniya ba ta zauna lafiya ba: ƙofar bincike, da ma'aikatan tsaro, da kare yana sunsunar masu wucewa.

An buɗe wurin ran 1 ga Oktoba, 1971. Faɗinsa ya kai kimanin eka 25,000, yana da manyan dandalin wasa huɗu, da otal-otal masu yawa, da tafkuna, da hanyoyin mota da na jirgi. Gari ne sosai, sai dai mazaunansa baƙi ne, yau su zo gobe su tafi.

Cikin watan Yuli na 2024 wani dattijo Bakano, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki, ya je can tare da 'yarsa wadda ke aikin jinya a Amurka, da mijinta, da 'yarsu mai shekara shida. Shi dai lilo ba ya gabansa. Jikar ce ta kafe sai da kakanta, shi kuwa bai iya musa wa wadda yake kira amaryarsa ba.

Wannan dattijo ba baƙon bincike ba ne. Yana cikin Kano ran Juma'a 20 ga Janairu, 2012, sa'ad da bama-bamai suka yi ta tashi da yamma, aka rasa rayuka aƙalla 185. Yana cikinta kuma ran 28 ga Nuwamba, 2014, da aka kai hari babban masallacin Juma'a na birni, mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya. Ya ga zamanin buhunan yashi a bakin titi, da masu babur suna sauka suna turawa in sun iso shingen sojoji, da 'yan agaji a ƙofar masallaci suna shafa wa kowa sandar nan mai ƙara. Hankali ya kwanta daga baya, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Tun daga waɗannan shekaru, duk inda ya shiga sai ya fara duba ta ina ake fita. In ya ga jaka a ajiye ba mai ita, ba ya ƙara jin abin da ake faɗa masa sai an ɗauke ta. Cikin taro kuwa ba ya sakin hannun yaro, ko da yaron zai yi kuka.

Dandalin da suka nufa, Magic Kingdom, ba a isa ƙofarsa da motar gida. Ana ajiye mota can nesa, a wani fili da ido ba ya ganin iyakarsa, sa'an nan a haye wani tafki da aka haƙa, ko dai cikin jirgin fito ko cikin jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo guda a sama. Kafin a hau ko wanne daga cikinsu ake binciken. Dattijon ya ci ado da farin kaftani da hula zanna, jikar tana ta tsokanarsa, wai za a koro shi, domin akwai dokar da ta hana duk wanda ya kai shekara 14 shiga da kayan kwaikwayo. Ya ce mata, "Amarya, wannan ba kayan wasa ba ne, kayan ubangidanki ne." Ba wanda ya ce da shi uffan a kan tufafinsa.

Abin da ya sa ran gani shi ne dogon layi, da tsawa, da "buɗe jakarka". Abin da ya tarar kuwa wasu ginshiƙai ne guda biyu, mutane suna ta ratsawa tsakaninsu ba tare da tsayawa ba, wani ma'aikaci yana gefe yana duban allo. 'Yarsa ta ce, "Baba, ku fito da laimarku da gidan tabarau ku riƙe a gabanku, in ba haka ba za ta yi ƙara." Ya riƙe laimar, ya manta da gidan tabarau a cikin jaka. Aka nuna masa wani teburi a gefe. Gabansa ya faɗi, domin ya san abin da ke cikin jakar: ƙaramar darduma, da carbi, da kwalbar turare, ga kuma sunan da ke cikin fasfonsa. Wata mata mai furfura ta haska cikin jakar da tocila, ta ɗaga dardumar da hannu biyu, ta ciro gidan tabarau ta duba, ta mayar da kome yadda ta same shi, ta yi masa fatan alheri. Duka bai kai minti ɗaya ba. A teburin da ke kusa kuwa, wani Bature ƙato ne ake gaya masa cikin ladabi ya koma ya ajiye 'yar wuƙar aljihunsa a mota.

Wannan tsari ba rana ɗaya aka gina shi ba, kuma kowane mataki nasa akwai jinin da ya zuba kafin a ɗauke shi. Shekara talatin na farko, tikiti kawai ake nunawa. Ran 11 ga Satumba, 2001, da aka kai hari biranen Niyok da Washintan, aka fitar da jama'a aka rufe dandalin duka, da aka sake buɗewa kuwa sai ga tebura ana duba jakunkuna. A 2003 Majalisar Dokokin Amurka ta hana jiragen sama yin ƙasa da ƙafa 3,000 a cikin mil 3 kewaye da wurin. Cikin Disamba 2015, bayan harin birnin Faris na ran 13 ga Nuwamba wanda ya ci mutum 130, da na San Banadino a Kaliforniya wanda ya ci 14, aka kafa na'urorin gano ƙarfe, aka kuma daina sayar da bindigogin wasa na yara. A lokacin ba kowa ake bi da shi ta na'urar ba, ɗaiɗai ake tsamowa daga cikin layi, kuma duk wanda ya taɓa zama baƙo mai kama daban ya san yadda zuciya take yi in aka ce sa'a ce kawai ta faɗo kansa. Ginshiƙan da dattijon ya ratsa sun zo ne daga 2020, zamanin annobar korona, sa'ad da ake gudun cunkoso da taɓa kayan juna. Ta cikinsu kowa yake bi, babba da yaro, fari da baƙi. Wannan shi ne abu na farko da ya sanyaya masa rai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

A ƙofar dandalin kuma aka ce ya ɗora yatsa a kan wani ɗan gilashi. Ya zaci ana neman sunansa ne a littafin masu laifi. Ashe wannan don tikiti ne kurum, kada mutum ya saya ya miƙa wa wani. Kamfani dai ba ya manta da aljihunsa.

Da azahar ruwa ya sauko kamar yadda ya saba a Fulorida a wannan wata, suka fake a wani gidan abinci. Nan surukin nasa, wanda injiniya ne kuma mutum ne mai son lissafi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah ya ba ku haƙuri, amma rabin abin nan da kuka gani don ido ne." Ya ce akwai wani masanin tsaro Ba'amurke, Bruce Schneier, wanda tun 2003 ya raɗa wa irin wannan suna wasan kwaikwayon tsaro, watau matakin da ke sa mutum ya ji kamar an tsare shi alhali ba lalle ne an tsare shi ba. Ya kawo misalin gwajin da gwamnatin Amurka ta yi wa filayen jirgin samanta a 2015, inda jami'ai suka ɓad da kama suka ɗauki makamai da bama-baman ƙarya, suka wuce masu bincike sau 67 cikin 70. Maganarsa ba ta banza ba ce. Watanni kaɗan bayan wannan hira, cikin Nuwamba 2024, hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta zargi kamfanin Evolv, mai ƙera irin waɗannan ginshiƙai, da zuzuta abin da na'urarsa ke iya ganowa, musamman a tallan da yake yi wa makarantu.

Matarsa ba ta yarda ba. Ta ce a tuna da daren 12 ga Yuni, 2016, da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 49 a gidan rawa na Pulse a cikin Olando. A shari'ar da ta biyo baya a 2018, masu gabatar da ƙara sun nuna hoton bidiyo na mutumin yana zagaya kasuwar Disney Springs a daren, suka ce nan ya fara nufa, ganin 'yan sanda ne ya sa ya juya. Ta ce, "In wasan kwaikwayo ne, to, ai shi ma mugun yana cikin 'yan kallo."

Dattijon ya bar su suka gama. Sa'an nan ya ce su duka biyu sun bar abu ɗaya, wanda ba a koyonsa sai a garin da wuta ta taɓa ci. Duk inda aka kafa ƙofar bincike, an tara jama'a a bakinta, kuma waɗannan da ke tsaye a layi ba wanda ya bincike su tukuna. Mugu ba ya bukatar shiga ciki in an riga an jera masa mutane a waje. Ya ce shekara da shekaru, wurin da ya fi jin tsoro ran Juma'a shi ne layin da ke jiran sandar 'yan agaji, ba cikin sahu ba. Saboda haka abin da ya burge shi a ginshiƙan nan saurinsu ne, domin ba su bar taro ya taru ba, da kuma nisan da aka sa tsakanin motoci da mutane, har da tafki a tsakani. Surukin ya yi shiru, ya ce wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Cikin dandalin bai ga bakin bindiga ko ɗaya ya dube shi ba. Ya dai lura da wasu mutane biyu cikin kayan gida waɗanda ba su hau lilo ba, ba su sayi kome ba, idonsu kuwa ba ya zama wuri ɗaya, ya gane su kamar yadda ɗan kasuwa ke gane ɗan'uwansa. Wajen la'asar jikar ta ga wasu yara suna bin kumfar sabulu da wani mai talla ke hurawa. Ta ja hannunta. Ya riƙe. Ta sake ja, ta ɗago kai ta dube shi. Ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ruga kamar taku ashirin, ta shige cikin yara, shi kuwa yana tsaye da hannu a buɗe, bai san inda zai ajiye shi ba. 'Yarsa ta gani, ta kau da kai, domin ta san rabon da ya yi haka ya fi shekara goma. Ko na'urar ta cancanci wannan amana ko ba ta cancanta ba, surukin yana da ta cewa. Amma yarinyar ta yi gudunta, kuma kuɗin tikiti bai sayi abin da ya fi wannan ba a yinin.

Da dare aka yi wasan wuta a saman babban ginin nan mai kama da fadar sarki. Ƙarar farko ta sa ya durƙusa bai sani ba. Dubban mutane suna tafi da shewa, shi kaɗai ne ke ƙidaya tsakanin ƙara da ƙara, kamar yadda ya yi a wancan yammaci na Juma'a. Jikar ta ce, "Kaka, tsoro kake ji?" Ya ce takalminsa yake gyarawa.

A hanyar komawa suka shiga jirgin fito. Ya lura bakin tafkin duk an jera duwatsu, an ja igiya, an kafa alluna masu hoton kada da maciji. Ya tambaya, 'yarsa ta yi ƙasa da murya don kada yarinyar ta ji. Ran 14 ga Yuni, 2016, kwana biyu kacal bayan harin Pulse, sa'ad da hankalin garin duka yake kan 'yan bindiga, wani kada ya fito daga wannan tafki ya ja wani yaro ɗan shekara biyu da ke wasa a bakin ruwa kusa da wani otal, ubansa ya yi kokawa da shi bai iya ƙwato shi ba. Allunan da ke wurin a lokacin hana iyo kawai suka yi. Iyalin sun bi ta kowace ƙofa da aka ce su bi, ba su karya dokar kowa ba. Dattijon ya dubi baƙin ruwan, ya laluba ya kamo hannun jikarsa, bai sake shi ba har suka sauka.

Ko a otal binciken bai ƙare ba. Ya nemi ɗan allon nan da ake ratayawa a ƙofa don kada a dami mai barci, ya tarar an sauya rubutunsa, yana cewa akwai mutum a ciki kawai. Tun Disamba 2017 aka fara wannan, watanni biyu bayan wani mutum ya yi kwanaki yana tara bindigogi a ɗakinsa na hawa na 32 a wani otal na Las Begas, ya buɗe wuta kan masu kallon kiɗa ran 1 ga Oktoba, ya kashe 58 a daren. Kamfanin bai ce wannan ne dalili ba, ya dai sanar da baƙinsa cewa ma'aikaci na iya shiga kowane ɗaki sau ɗaya a rana, ko an so shara ko ba a so. Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Wani saurayi ya yi gaisuwa, ya leƙa ɗakin da makewayi, ya ɗauki kwandon shara. Dattijon ya matsa masa hanya, ya tambaye shi ƙarfe nawa jirgin fito na farko yake tashi.