Da Wutarmu a Goye: Hawan Chappal Waddi

Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya yana jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Chappal Waddi ake ce masa, wasu su ce Gangirwal, tsawonsa mita 2,419. Gandun dajin kuwa an kafa shi a 1991, shi ne mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Mai niyyar hawa dole ya yi lissafin abinci da ruwa da kayan sanyi, kamar yadda matafiya suka saba tun kaka da kakanni. Mu 'yan yanzu akwai guzuri na huɗu a kanmu, wato wuta. Taswirar hanya a waya take, hoto da waya ake ɗauka, tocilar goshi ma caji take ci.

Mu uku muka tashi daga Kano cikin hunturu: ni, da autanmu, da wani abokina mai gyaran lantarki da kowa ke kira Injiniya. Kowa da irin shirin da ya yi. Ni na ɗauko farantin sola mai naɗewa gida uku, wanda aka rubuta wa wat 21, da fawa-banki mai 20,000 mAh. Injiniya bai ɗauko faranti ba, fawa-banki biyu ya cika ya jefa a jaka, da wata 'yar na'urar awo kamar ɗan yatsa, wadda ake sakawa tsakanin caja da waya ta nuna yawan wutar da ke wucewa. Auta ne ya fi mu baki. Ya sayo fawa-banki mai ɗan farantin sola a bayanta, an rubuta mata 50,000 mAh da manyan lambobi.

"Yaya, ni fa na gama da ku," in ji shi. "Wannan kanta take yi wa caji. Rataya ta kawai zan yi."

Injiniya ya karɓa ya auna nauyinta a tafin hannu, ya miƙa masa abarsa. Bai ce komai ba, sai dai murmushi.

Ta Gombe muka bi zuwa Jalingo, daga nan Bali, sai Serti, inda muka biya ofishin gandun daji muka karɓi izinin shiga, aka haɗa mu da malamin daji. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawan tsaunin Mambilla, kwana bayan kwana, kunnuwa suna toshewa, zafin da muka baro a ƙasa yana sakinmu sannu a hankali. Kafin mu wuce Maisamari kowa ya laluɓo rigar sanyinsa. A Nguroje muka kwana, tsakanin bishiyoyin turare, muka jona komai da komai a janaretan masauki har aka kashe shi. Wannan tsaunin ne ake ta maganar za a gina wa tashar wutar lantarki mai megawat 3,050 shekara da shekaru, amma a daren nan janareta ne ya fisshe mu. Da safe 'yan acaɓa suka kwashe mu zuwa Njawai, inda taya ke ƙarewa ƙafa ta karɓa.

Hanyar tudu ce bayan tudu, duk ciyawa, sai a gangara kwari a tarar da kurmi mai duhu da rafi mai sanyin ƙanƙara. Jajayen shanu masu dogayen ƙahoni suna kiwo a gefen tuddan, a wurin da mutum zai rantse akuya ma ba za ta tsaya ba. Na shimfiɗa farantina a bayan jakar goyo na ɗaure shi da igiya, kamar yadda ake nunawa a hoton kwalinsa, na zura kebur zuwa fawa-banki. Da hantsi ya dubi ludayi Injiniya ya saka na'urarsa don mu gani. Lambar ba ta tsaya wuri ɗaya ba: wat huɗu, wat biyu, ba komai, wat uku. In na juya gabas ta sauka, in na sunkuya hawan tudu ta ɗan tashi, muna shiga kurmi ta mutu gaba ɗaya. Inuwar hulata kaɗai in ta faɗa kan kusurwa ɗaya, sai wutar ta zube fiye da yadda girman inuwar zai sa mutum ya zata, domin ƙwayoyin farantin a jere aka haɗa su, wanda inuwa ta rufe shi ke tare wa sauran hanya.

Lambar da ake rubutawa a jikin faranti, in ji Injiniya, a ɗakin gwaji ake samunta: haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, yana faɗowa tsaye, farantin kuma yana da sanyin digiri 25. A daji ba a cika haɗa waɗannan uku ba. Ga ƙurar hunturu da ta sa sama ta yi fari fat, ga hayaƙin ciyawar da makiyaya ke ƙonawa da rani don sabuwa ta tsiro. Tokar tana sauka a hankali, baƙa-baƙa, siririya. Na shafa yatsa a kan farantin, sai ga layi ya fito sarai.

Da rana ta take tsaka muka yada zango a bakin wani rafi. Injiniya ya kwance farantin, ya goge shi da jiƙaƙƙen hankici, ya jingina shi da dutse yana fuskantar kudu. A wannan yanki, kusan digiri bakwai arewa da tsakiyar duniya, ranar hunturu ba ta zuwa tsakar ka. Tana karkata kudu da kusan digiri 30, don haka faranti ma sai an karkata shi haka. Fawa-bankin kuma ya tura ta ƙarƙashin jaka, cikin inuwa. Lambar ta haura wat goma ta zauna daram. Muka yi alwala da ruwan da ke sa haƙora kaɗawa, muka yi azahar, muka ci gurasa da ƙuli-ƙuli, muka ɗan kishingiɗa. Abin da farantin ya tara a wannan zama ya ninka na tafiyar safiyar gaba ɗaya.

Daga ranar tsarin tafiyarmu ya canja. Muna sammako tun raɓa ba ta bushe ba, faranti a naɗe cikin jaka, mu ci hanya da sanyin safiya, sannan mu yi dogon zango da tsakar rana. Malamin daji ya ce dama haka ya fi wa ƙafa, faranti ne kawai ya sa muka ji maganarsa.

A zangon nan ne Auta ya jona wayarsa kai-tsaye a farantina, ya ce ba ya son ɗan tsakani. Wani guntun gajimare ya gifta, wayar ta yi ƙara ta daina caji. Gajimaren ya wuce, ta sake ƙara, allonta ya haska. Haka ta dinga yi, kowane haskawa yana cin abin da ta samu.

"Auta, cire ta," in ji Injiniya. "Faranti indararo ne, fawa-banki randa. Ba a kafa baki a indararo. A tara a randa, da dare a sha."

Dare na biyu a kan tsaunin ne asirin fawa-bankin Auta ya tonu. Ta cika wayarsa sau ɗaya, ta fara na biyu, fitilunta suka mutu. Wuni guda ta yi a rataye a rana, har ba ta taɓuwa don zafi, amma ko rabin fitila ba ta ƙaru ba. Injiniya ya zauna da tocila ya yi masa lissafi a bayan kwalin shayi. Batirin da ke cikin fawa-banki bolt 3.7 ne, don haka mai 20,000 mAh wat-awa 74 take ɗauka. Farantin da bai wuce tafin hannu ba, da ƙyar yake ba da wat ɗaya. Ke nan ana bukatar sama da awa 70 na rana mai kyau kafin a cika ta, wato fiye da mako biyu in ana samun awa biyar kullum. Ga shi zafin rana yana lalata batirin litiyam, shi kuwa an manne shi a bayan farantin da dole sai an shanya shi. Batun 50,000 kuwa, ta gaske nauyinta yana kusan kilo guda, kuma wat-awa 185 ce, ta wuce abin da ake bari a shiga jirgin sama da shi. A jirgi mai wat-awa 100 ce ake wucewa da ita ba tambaya, a jakar hannu, daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfani.

"To wannan nawa ce a ciki?" Auta ya tambaya.

"Allah ne masani. Amma araha ba ta ado."

Ita ma ta gaskiyar ba duka take bayarwa ba. Sai ta ɗaga wutar daga bolt 3.7 zuwa 5, waya kuma ta sake sauke ta, a kowane mataki wani abu yana tafiya a zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya yake salwanta. Waya mai batir 5,000 mAh, fawa-banki mai 20,000 ba za ta cika ta sau huɗu ba. Tsakanin biyu da rabi zuwa uku ake samu.

Sanyi ma da nasa rabon. Daren tsaunin ba wasa, iska tana kaɗa tanti har asuba. Wayar da na bari a aljihun tanti ta kwana da caji sama da rabi, da asuba ta nuna ja, ina buɗe kyamara ta ɗauke. Na cusa ta cikin riga, a jikin fata, bayan mun idar da salla na kunna ta, sai ga cajin ya dawo kusan inda yake. Sanyi ba ya shanye wutar batir, hana ta fita yake yi. Tun daga nan wayoyi da fawa-banki a cikin bargo suke kwana tare da mu.

Babban ɓarawon caji kuwa neman sabis ne. Inda babu sabis, waya ba ta haƙura, ƙara ƙarfi take yi tana lalube, a kan iyaka kuma har layukan Kamaru take ƙoƙarin kamawa. Muka mayar da wayoyin tsarin jirgin sama, muka rage hasken allo. Taswirar da muka sauke tun a Jalingo ba ta bukatar sabis, domin waya sauraron tauraron ɗan'adam kawai take yi ta gane inda take. Muka bar waya ɗaya a kunne don hanya da hoto, sauran a kashe. Abin da wannan ya tanadar mana ya fi duk abin da farantin ya samo.

Kusa da gindin dutsen muka sauka a wata ruga. A kan rufin bukka akwai ƙaramin faranti mai firam na ƙarfe, an danne shi da duwatsu, kebur ya sauko ya shiga wani tsohon batirin babur. Daga nan ake kunna ƙwai ɗaya da rediyo, ake cajin ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda ke kwana da kwanaki ba su nemi wuta ba. Dattijon rugar ya juya farantina gaba da baya, ya naɗe ya warware.

"Wannan na masu yawo ne," ya ce da Hausarsa mai gardin Fillanci. "Namu ba ya zuwa ko'ina, shi ya sa yake ƙoshi."

Ya yi ƙorafin batirinsa ba ya daɗewa. Injiniya ya duba ya ce, "Baffa, faranti ne yake dafa shi. An haɗa su kai-tsaye, babu abin da zai tsayar da wuta in ya cika." Ya rubuta masa sunan 'yar na'urar da ake sakawa a tsakani, ya ce duk wanda zai je kasuwar Nguroje ya nemo. Aka kawo mana kindirmo a ƙwarya, mai kauri, cokali yana tsayawa a ciki.

Ranar hawan ƙarshe a rugar muka bar farantin, a jingine da dutse, jone da fawa-bankina a ƙarƙashin ƙwarya, wani yaro ya ɗauki alkawarin juya shi in inuwa ta matso. Muka hau da waya ɗaya da fawa-banki ɗaya ta Injiniya. Hawan ya ci gwiwa, numfashi yana gajarta, ciyawa tana santsi. A ƙololuwa iska ta kusa tuge hula. Tuddai sun jeru har inda hazo ya yanke gani, malamin daji ya nuna da sanda ya ce daga nan zuwa can Kamaru ce. Auta ya ɗauki hotunan da ya zo dominsu, ya yi bidiyo yana haki yana gaida mutanen gida. Da la'asar sakaliya muka sauko muka tarar da fitilu uku cikin huɗu suna ci a fawa-bankin. Wuni ɗaya a zaune ya yi abin da bai taɓa yi a goye ba.

A hanyar komawa muka yi ta musu da Injiniya kan wanda ya fi dabara. Farantina ya ɗan fi fawa-banki guda nauyi. A gajeriyar tafiya, inda za a dawo gari kafin mako ya zagayo, gaskiyarsa ce: fawa-banki ta biyu ta fi faranti, ba ruwanta da hazo ko kurmi, kuma ba ta sa kowa zaman jira. Faranti yana biyan nauyinsa ne in tafiya ta yi tsawo, ko mutane suna da yawa, ko akwai sansanin da za a bar shi ya wuni. Ko a nan ma da ruwan ciki ake jan na rijiya: sai an fito da komai a cike, an kuma iya tattali.

Auta bai sa mana baki ba sai da muka hango rufin kwanon Njawai.

"Yaya, in mun koma zan mayar wa mai shagon nan kayansa."

"In ya ƙi karɓa fa?"

"Sai in ce ya rataya ta a rana, in ta cika ya kira ni."